Gidajen Mil na Ganuwar Hadiriyan: Tarihin Iyaka Daga Bakin Ƙofa

Gabatarwa

A arewacin ƙasar Ingila, daidai inda tsibirin Birtaniya ya tsuke kamar cikin kalangu, akwai kufan wata ganuwa wadda ta ratsa ƙasar daga gaɓar gabas zuwa gaɓar yamma. Rumawa ne suka gina ta bisa umurnin sarkinsu Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa ta 138 miladiyya, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Tsawonta mil 80 ne na Rumawa, wato kimanin kilomita 117. Littattafan makaranta, in sun ambace ta, sukan tsaya ga tsawonta da manyan barikokin da ke jikinta. Amma akwai waɗansu ƙananan gine-gine da suka fi barikokin yawa nesa ba kusa ba, waɗanda aka jera a jikin ganuwar, ɗaya a kan kowane mil. Masana tarihi na Ingila sun laƙaba musu suna mai ma'anar gidan tsaro na mil, shi ya sa za a riƙa ce musu gidajen mil a cikin wannan maƙala.

Kowane gidan mil ƙofa ce da masu gadinta. Duk wanda ya san ganuwar birni irin ta Damagaram ko ta Katsina, ya san cewa a bakin ƙofa ake gane dokar gari: wane ne zai shiga, a wane lokaci, ɗauke da me, kuma nawa zai biya. Haka abin yake ga wannan ganuwa. Idan mai karatu ya bi tarihin ƙofofinta, yadda aka tsara su, aka cire musu ƙyamare, aka mayar, sannan aka tsuke su, zai ga yadda babbar daula take shata iyaka daga nesa, da yadda ƙasa da mutanen da ke zaune a kanta suke gyara mata shatar.

Yadda aka kai ga gina ganuwa

Rumawa sun shiga Birtaniya da niyyar zama a shekara ta 43, zamanin sarki Kalaudiyus. Cikin shekaru 40 rundunoninsu suka kai har ƙasar Sikotilan ta yau. Sai dai riƙe arewa ya faskara, domin yaƙe-yaƙen da ake yi a bakin kogin Danub sun sa an janye wani sashe na sojojin. A farkon ƙarni na 2 Rumawa sun ja da baya zuwa wannan matsattsen wuri da ke tsakanin kogin Tyne a gabas da mashigin tekun Solway a yamma, inda suke da wata hanya da barikoki jere a kanta.

Sarki Tarajan, wanda Hadiriyan ya gada, mayaƙi ne da ya faɗaɗa daular har zuwa ƙasar Iraƙi ta yau. Shi kuwa Hadiriyan ya ga cewa abin da aka riga aka ci ya isa a riƙe. Ya saki waɗansu ƙasashen gabas, ya shiga zagayen iyakoki yana duba sojoji. A shekara ta 122 ya iso Birtaniya, kuma a daidai wannan lokaci aka soma aikin ganuwar ƙarƙashin gwamna Aulus Platorius Nepos. Wani littafin tarihin sarakunan Rum da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 4 ya ba da dalilin ginin a taƙaice, cewa domin a raba Rumawa da waɗanda suke ɗauka bagidajen mutane ne. Abin da aka tono daga ƙasa ya nuna cewa maganar ta fi haka faɗi.

Tsarin farko

Rundunoni 3 ne suka yi aikin: runduna ta 2, da ta 6, da ta 20. A cikinsu akwai magina da masassaƙa da masu awon ƙasa. An raba aikin kashi-kashi, kowace ƙungiya ta soja 80 da nata yanki, kuma idan ta gama sai ta saka dutse mai ɗauke da sunan shugabanta. An samu irin waɗannan duwatsu da yawa.

Daga gabas har zuwa kogin Irthing da dutse aka yi ginin, faɗinsa da farko kusan mita 3. Daga nan zuwa yamma kuwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawon, da ƙasa mai ciyawa aka yi shi, wadda ake yankawa kamar tubali a jera. Daga baya ne aka sake wannan sashe da dutse. Ta arewa aka haƙa gwalalo mai zurfi, in ban da wuraren da tsauni ya wadatar.

Ƙa'idar tsarin mai sauƙi ce. A kan kowane mil na Rumawa, wato taki dubu na soja, kimanin mita 1.480, a gina gidan mil. Tsakanin gidan mil da mai bi masa a gina hasumiyoyi 2, ta yadda duk bayan kusan mita 500 akwai ido mai kallon arewa. Manyan barikoki ba sa cikin wannan tsari na farko, an bar su a baya, a kan tsohuwar hanya. Ko a inda ganuwar ta ƙare a yamma ba a bar ƙa'idar ba, domin an ci gaba da jera ƙananan gidajen tsaro da hasumiyoyi a bakin teku har fiye da kilomita 30, ba tare da bango ba. A shekara ta 1930 masanin tarihi R. G. Collingwood ya daidaita lambobin da ake kiran gidajen da su, daga gabas zuwa yamma, kuma da waɗannan lambobi ake aiki har yanzu.

Tun a nan ake ganin hannun mai tsarawa daga nesa. Gidan mil na 42, a wurin da ake kira Cawfields, an gina shi a kan gangare mai tsanani, ƙofarsa ta arewa tana buɗewa kusan a bakin tsauni, inda keken shanu ba zai iya bi ba. Ƴar tazara kaɗan ta yamma kuwa akwai kwari mai sauƙin wucewa. Maginan sun ga kwarin da idonsu, amma awo ya faɗo a kan gangare, kuma umurni ya ce kowane mil, saboda haka a nan suka gina.

Cikin gidan mil

Gidan mil fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kimanin mita 18, faɗinsa kimanin 15, wato bai fi matsakaicin gida na gari ba. Ganuwar kanta ita ce bangonsa na arewa. Yana da ƙofa biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, hanya ta ratsa tsakiya ta haɗa su. Kowace ƙofa tana da baka na dutse da ƙyamare biyu na katako, faɗinta kimanin mita 3, kuma masana sun fi yarda cewa akwai hasumiya a kan ta arewa. Ginin ƙofofin ya kasu iri 3, abin da ya sa ake danganta kowane iri da ɗaya daga cikin rundunonin da suka yi aikin.

A gefen hanya ake gina ɗakin kwana. A tsarin sojan Rum mutum 8 ne suke tarayya a ɗaki guda, suna girki tare. Gidan mil na 37, kusa da barikin Housesteads, yana da ɗan gini wanda bai wuce na mutum 8 ba. Na 48 kuwa, a Poltross Burn, wanda aka tono a shekara ta 1909, yana da gini biyu masu ɗakuna huɗu-huɗu, waɗanda ake ƙiyasta sun ɗauki mutum 32. A can aka samu tanderun gasa burodi a kusurwa guda, da gindin matakala a wata kusurwar. Daga waɗannan ƴan matakai da suka rage masana suka lissafa cewa saman bangon ya kai kusan mita 4.

Lissafin yawan masu gadin yana da abin lura. Idan gidaje 80 ne kuma kowanne da mutum 8, an samu 640 ke nan. Ko da kowanne ya ɗauki 32, jimla ba ta wuce 2.560 ba, a kan tsawon kilomita 117, kuma daga cikinsu ne za a tura masu hawa hasumiya dare da rana. Irin wannan adadi ba ya tare runduna. Yana iya hango ƙura, ya ba da alama da wuta ko hayaƙi, ya kama ɓarayin shanu, ya tsayar da matafiyi ya tambaye shi inda ya nufa.

Su wane ne masu gadin

Rundunonin da suka gina ganuwar sun koma sansanoninsu a kudu. Waɗanda aka bari da tsaro su ne sojojin taimako, mutanen ƙasashen da Rum ta ci, waɗanda mafi yawansu a wancan lokaci ba su da matsayin ɗan ƙasa. Sai soja ya cika shekara 25 yana aiki sannan a ba shi wannan matsayi. Rubuce-rubucen da ke kan duwatsu sun nuna asalin ƙungiyoyin: a Housesteads Tungirawa daga Beljik ta yau, a Birdoswald mutanen Dasiya daga Rumaniya, a Chesters mahaya daga arewacin Ispaniya, a Carvoran maharba daga Siriya. A ƙarni na 3 an zaunar da wata ƙungiya ta mutanen Afirka ta Arewa a barikin Burgh-by-Sands, kusa da ƙarshen ganuwar ta yamma. Ana kyautata zaton daga irin waɗannan ƙungiyoyi ake cire ƴan mutanen da ke zaman gidajen mil. Da tafiya ta yi nisa, ƙungiyoyin sun riƙa ɗaukar sababbin sojoji daga cikin ƴan ƙasa, har suna ya zama na nesa, mutanen kuwa haifaffun wurin.

A barikin Vindolanda, kudu kaɗan da ganuwar, an soma gano waɗansu siraran alluna na katako masu rubutun tawada a shekara ta 1973. Mafi yawansu sun girmi ganuwar da ƴan shekaru, amma sojojin iri ɗaya ne, ƙasar ma ita ce. A cikinsu akwai wasiƙar da ke sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. Akwai ta wani ƙaramin hafsa da ke roƙon shugabansa a aiko wa mutanensa giya domin tasu ta ƙare. Akwai kuma rahoton wata ƙungiyar Tungirawa mai mutum 752, wanda ya nuna cewa 456 ba sa cikin bariki, an tura su aiki wurare daban-daban. Wannan ya nuna cewa rarraba soja ƙanana-ƙanana tsohuwar al'ada ce a wannan iyaka. A cikin hasumiyoyi da gidajen mil kuwa an tono murahu da fasassun tukwane da ƙasusuwan dabbobi da allunan wasa irin na dara, shaidar mutanen da mafi yawan kwanakinsu jira ne cikin sanyi da ruwan sama.

Aikin ƙofofin

Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalilin da ya sa aka huda bangon tsaro har sau 80. Kashi na farko suna cewa ƙofofin na soja ne, domin sojan Rum ya fi son karawa a fili, kuma ƙofa a kowane mil tana ba shi damar fita sintiri ko ya bi sawun mahara ko ya gyara gwalalo. Suna kafa hujja da gidaje irin na 42, da kuma cewa a gaban mafi yawan gidajen ba a ganin mashigi a kan gwalalon a yau. Kashi na biyu suna cewa ganuwar ta ratsa gonaki da makiyayar mutane, kamar yadda sawun garma da aka samu ƙarƙashin gininta ya tabbatar, don haka dole a bar wa manomi da makiyayi da ɗan kasuwa hanya, amma hanya mai ido a kanta.

Abin da aka sani daga sauran iyakokin daular yana taimakawa. Marubucin tarihi Tasitus ya ba da labarin wata ƙabilar Jamus da ta koka a shekara ta 70, cewa ba a barin ta ta ƙetare kogin Rain zuwa birnin Kolon sai ba makami, da ɗan rakiya, kuma sai ta biya kuɗi. A ɗaya gefen daular, cikin hamadar Libiya, Rumawa sun gina barikin Bu Njem a shekara ta 201. Masu binciken kufai na Faransa sun tono sakaina masu rubutu a can, waɗanda suka kasance rahotannin yau da kullum na tsakiyar ƙarni na 3. A cikinsu masu gadi suna rubuta wucewar Garamantawa, mutanen Fezzan, da jakunansu da alfadaransu da kayan da suke ɗauke da su. Wannan ƙasa ta Fezzan ita ce wadda ayarin Kawar da Bilma suka san hanyarta ƙarnuka bayan haka. Daga Birtaniya har Sahara hali ɗaya ne: soja a bakin iyaka yana yin aikin mayaƙi, yana kuma yin irin aikin da ƴan duwan suke yi a yau. Babu abin da ya hana ƙofar gidan mil ta yi duka biyun, gwargwadon wuri da zamani.

Ƙofa ta buɗe, ƙofa ta tsuke

Tun ba a gama ginin ba aka sake shawara. An ɗauko manyan barikoki an dasa su a jikin ganuwar, kowanne mai ɗaukar soja 500 zuwa 1.000, har adadinsu ya kai wajen 16. Don a samar musu wuri sai da aka rushe abin da aka riga aka gina: gidan mil na 43 yana ƙarƙashin barikin Great Chesters, kuma an samu gindin wata hasumiya ƙarƙashin Housesteads. An kuma rage faɗin bangon domin aiki ya yi sauri. Sannan ta kudu aka haƙa wani babban rami mai faɗin kusan mita 6, da tudun ƙasa a kowane gefe nasa, wanda ba a ƙetare shi sai ta mashigin da ke gaban bariki. Da wannan rami, wuraren da mai zuwa daga kudu zai iya isa ganuwar suka ragu daga kusan 80 zuwa ƙasa da 20.

Bayan rasuwar Hadiriyan a shekara ta 138, magajinsa Antoninus Piyus ya tura iyakar gaba. Gwamnansa Lollius Urbicus, haifaffen Tiddis a ƙasar Aljeriya ta yau, ya sake cin kudancin Sikotilan, kuma wajen shekara ta 142 aka soma wata ganuwa ta ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 60. Tsohuwar ganuwa ta koma cikin gida. Aka cire ƙyamaren gidajen mil, aka cike ramin kudu a wurare da yawa domin a wuce ba shamaki. Abin bai daɗe ba. Bayan kimanin shekara 20 aka bar sabuwar ganuwa, aka dawo tsohuwa, aka mayar da ƙyamare.

Daga ƙarshen ƙarni na 2 zuwa ƙarni na 3 aka shiga gyaran da ya fi bayyana gaskiyar wurin. Hasumiyoyi da yawa da ke kan tsaunuka an bar su, an toshe ƙofofinsu, waɗansu ma an rushe su. Ƙofofin arewa na gidajen mil da dama an tsuke su da dutse, daga faɗin keke zuwa faɗin mutum guda. A gidan mil na 37, inda bakan ƙofar ya goce saboda ƙasa ta zauna, har yau ana ganin ginin da aka cusa aka rage ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sojojin da suka shekara suna gadi sun san ƙofar da ake bi da wadda iska kawai ke bi, kuma sun san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko sarki Septimiyus Seberus, ɗan Leptis Magna a Libiya, wanda ya zo da kansa ya yaƙi arewa daga shekara ta 208 har ya rasu a York a 211, bai sauya wannan iyaka ba. A kanta aka zauna har kusan shekara 200 bayansa.

Bayan Rumawa

Wajen shekara ta 410 mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya. Albashi ya daina zuwa, amma mutane ba su watse rana ɗaya ba. A Birdoswald an gano manyan zauruka na katako da aka gina a kan kufan rumbunan bariki a ƙarni na 5. Sannu a hankali ganuwar ta zama ma'adinin dutse ga masu gina majami'u da gidajen gona, kuma waɗansu gidajen mil, irin na 35, manoma sun zauna a cikinsu a tsakiyar zamanai. A shekarun 1750 gwamnatin Ingila ta shimfiɗa hanyar soja a kan gindin ganuwar ta gabas, ta haɗiye kilomitoci masu yawa.

Har sunan wanda ya gina ta sai da ya ɓace. Ƙarnuka da dama ana danganta ganuwar dutsen ga Seberus. A shekara ta 1840 wani malami mai suna John Hodgson ya kawo hujjojin da suka mayar da ita ga Hadiriyan, kuma cikin manyan hujjojin akwai rubutun dutse daga gidan mil na 38, mai ɗauke da sunan Hadiriyan da runduna ta 2 da gwamna Nepos. A wannan ƙarni ne kuma John Clayton, magatakardan birnin Newcastle, ya riƙa sayen gonakin da ganuwar ta ratsa domin ya hana a kwashe duwatsunta, kuma shi ya sa aka tono gidan mil na 42 a shekara ta 1848. Hukumar UNESCO ta saka ganuwar cikin kayan tarihi na duniya a shekara ta 1987. Ya kamata malamai su gyara wani kuskure da ya yaɗu: wannan ganuwa ba ita ce iyakar Ingila da Sikotilan ba, dukkanta tana cikin Ingila.

Kammalawa

Malamin da ke koyar da tarihin Rum zai samu a gidan mil abin da taswirar daula ba ta nunawa. A taswira iyaka layi ne guda da aka ja da alƙalami. A ƙasa kuwa ɗaki ne mai mutum 8 da tanderu, da ƙofar da aka yi ta sauya mata faɗi har tsawon kusan shekara 300. Sarki ya ba da umurnin ƙofa a kowane mil, magina suka bi umurnin har kan tsauni, hafsoshi suka rage mashigai tun aikin bai ƙare ba, magaji ya cire ƙyamare, jikokin masu gadi suka tsuke abin da ba su da buƙatarsa. Duk wannan an karanta shi ne daga gindin bango da ramin madogarar ƙyaure da fasasshiyar tukunya, domin babu wani marubucin Rum da ya bar bayanin waɗannan gidaje. Darasin da ɗalibi zai ɗauka ke nan game da aikin masanin tarihi: idan littattafai sun yi shiru, sai a koma ga kufai, a auna faɗin ƙofa, a tambayi wanda ya tsuke ta da abin da ya sa.